Bayanin Hukuncin Tsohon Maharbi Da Haƙƙin Dawa A Kansa

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya watsa dabbobi a cikinta, na gida da na dawa, Ya hore wa ɗan Adam abin da Ya so daga cikinsu, kuma Ya sanya wa kowane abu iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko da jin ƙai ga talikai, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, akwai wata mas'ala da ke yawan tasowa a gidajen Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, ita ce mas'alar dattijon da ya tashi cikin farauta, ya gaje ta ga ubansa, har furfura ta game kansa, amma da kaka ta wuce ciyawa ta bushe sai ya saɓi bindigarsa ko ya rataya kwarinsa ya nufi dawa. Ɗiyansa suna cewa abin kunya ne, lokaci ya yi da zai riƙe tasbaha ya lazimci masallaci. Shi kuwa yana cewa sana'a ce ta halal, da ita ya ciyar da su har suka girma, kuma ba ya son ya zauna jiran hannun kowa. Kowane ɓangare yana da rabo na gaskiya. Abin da muke nufin bayyanawa shi ne, furfura ita kaɗai ba ta haramta wa kowa farauta, kuma gado shi kaɗai ba ya halatta ta. Ana auna tsoho da abu uku: ikon jikinsa, da halin da dawa ke ciki, da abin da ke fitar da shi daga gida.

Fasali na farko, cikin asalin hukuncin farauta

Farauta halal ce a asalinta. Allah Maɗaukaki Ya ambace ta cikin Suratul Ma'ida, Ya halatta abin da horarrun dabbobi suka kamo wa mai su in an ambaci sunan Allah, Ya hana ta ga wanda ya ɗaura haramar hajji ko umra, kuma Ya sanar da muminai cewa zai jarrabe su da naman dawa da ke kusa da hannuwansu da masunsu. Ka lura da wannan, domin ya nuna farauta wurin jarrabawa ce tun farko, ana gane mai tsoron Allah da ita a inda babu mai ganinsa. Cikin sahabbai akwai mafarauta, kamar Adiyyu ɗan Hatimu da Abu Sa'alaba, sun tambayi Manzon Allah game da kare da kibiya, ya ba su amsa, bai ce su bar sana'arsu ba.

Malaman mazhabar Imamu Malik sun raba farauta kashi biyar. Takan zama wajibi ga wanda yunwa za ta halaka shi ko iyalinsa, ba shi kuwa da wata hanya. Takan zama mustahabbi ga mai son yalwata wa iyali ko yin sadaka. Takan zama halal ga mai neman abin ci ko abin sayarwa. Takan zama makaruhi ga mai yin ta domin wasa da nishaɗi, kuma mai Risala ya faɗi haka a fili. Takan zama haram ga mai kashewa ya yar, ko wanda take sa shi barin salla, ko mai ɓarna cikin gonakin mutane. Cikin kason nan biyar babu inda aka ambaci shekaru. Saboda haka duk wanda ya ce wa tsoho farauta ta haramta gare shi domin ya kai sittin ko saba'in, ya faɗi abin da ba shi cikin littafi.

Fasali na biyu, cikin sharuɗɗan da tsufa ke taɓawa

Sai dai shari'a ta ɗora wa maharbi sharuɗɗa, kuma yawancinsu da jiki ake cika su. A nan tsufa ke shigowa.

Na farko ido. Wajibi ne maharbi ya san abin da ya auna kafin ya saki, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah. In yana ta rufe ido, ko dundumi ya kama mutum har ba ya rarrabe gada da ɗan akuya da almuru, to ya rasa sharaɗin farko. Motsin ciyawa ba shi ne nama ba. Yana iya zama yaro mai kiwo, ko mace mai itace, ko abokin farauta da ya sa kan burtu yana saɗaɗe. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, diyya ta hau danginsa, shi kuwa kaffara ta hau shi, kuma a zamanin nan da babu baiwa ko bawan 'yantawa, kaffarar ita ce azumin wata biyu a jere. Tsohon da azumin Ramadan ke ba shi wuya, ina zai kai wannan? Ga kuma ran da ba ya dawowa. Amma a sani, yanar ido tana da magani, ana cire ta a asibitocin ido na Kano da Kaduna da wasunsu, mutum ya koma yana gani. Ɗan da ya kai ubansa aka gyara masa ido ya fi wanda ya ɓoye masa bindiga.

Na biyu hannu. Harbin da ya sami makasa yana gaggauta mutuwa, wanda ya kauce kuwa yakan karya ƙafa ko ya huda ciki, dabba ta gudu da rauni ta mutu cikin azaba bayan kwana biyu ko uku, ungulu su ci. An ruwaito cewa Annabi ya yi umurni da kyautatawa ko wajen kisa da yanka, kuma ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Mai karkarwar hannu da ya san a harbi uku ɗaya yake dacewa, ya san dabba biyu za su tafi da rauninsa.

Na uku ƙafa, kuma wannan ne mutane suka fi gafala da shi. Cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an lissafa abubuwan da ke hana cin abin da aka harba. Daga cikinsu akwai jinkirin maharbi wajen bin sawu, har dabba ta mutu alhali da ya gaggauta ya same ta da rai ya yanka. Akwai barin wuƙa a hannun wani ko a cikin jaka, har lokacin yanka ya wuce. Akwai dabbar da ta kwana ba a gan ta ba. Akwai kuma wadda aka harba da kibiya mai dafi, ba a tabbatar ko ƙarfe ne ya kashe ta ko dafin ba. Maharbanmu na dā da ke shafa wa kibiya ƙwanƙwani sun san dole su bi da gudu su riski dabba da sauran rai. Haka abin da ya mutu a cikin tarko mushe ne, sai in an iske shi da rai an yanka. Harsashi kuwa, malaman Fas na baya sun halatta abin da ya kashe, domin yana hudawa yana zubar da jini, amma wannan bai ɗauke wa mai bindiga bin sawu ba.

To, duba. Barewa in ta ji rauni tana iya cin tafiyar da saurayi zai yi gumi kafin ya cim mata. Dattijo mai ciwon gwiwa da zai zauna hutawa sau uku a hanya, me zai iske? Ko dai mushe, ya bar shi ya yi asarar rai a banza, ko kuwa zuciya ta rinjaye shi ya yanka matacce ya kawo gida, ya ciyar da jikokinsa abin da shari'a ba ta yarda ba. In kuma ya kai kasuwa ya sayar, ya haɗa da cin dukiyar mutane da ƙarya. Saboda haka ƙa'idar ita ce, kada ka fara abin da ba ka iya ƙarasawa. Tsohon da idonsa ke gani, hannunsa bai karkarwa, kuma yana tare da ɗa ko jika mai ƙafa da wuƙa a ɗamara, farautarsa ingantatta ce ko ya kai tamanin. Wanda ya rasa waɗannan, ya sauko zuwa abin da yake iyawa, kamar zabon daji da fakara da zomo a bakin gona, ko ya bari gaba ɗaya.

Fasali na uku, cikin halin da dawa ke ciki

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin bambancin uwar kuɗi da riba. Mai cin riba yana daɗewa a rumfa, mai cin uwa kuwa kasuwa kaɗan zai ci ya tashi. Dabbobin dawa dukiya ce da Allah Ya ajiye wa jama'a duka, waɗanda ke raye da waɗanda ba a haifa ba. Abin da suke haifa kowace shekara shi ne riba, matan da masu ciki su ne uwa.

Ƙasar nan da gulbin Gagare da gulbin Bunsuru ke shayarwa ta kasance mai yalwar daji. Tsofaffi suna ba da labarin gwanki da kanki da mazo da mariya, sunayen da yaran yau ke ji a tatsuniya. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka yi daraja, aka sare kurmi aka mai da shi gona. Mutane suka yawaita, shanu suka yawaita. Farin 1973 da na 1984 suka ƙafar da tafkuna, itatuwa suka mutu a tsaye. Bindiga ta maye gurbin baka, fitilar goshi ta mai da dare rana, babur ya kai mutum cikin sa'a ɗaya inda dā sai an kwana a hanya. Ga kuma cinna wa daji wuta domin gafiya guda, a ƙone abincin dabbar gida da ta dawa gaba ɗaya. Ko dajin Zamfara da ke ƙasar Zurmi, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, bai tsira ba.

Hukuma ta yi doka. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963, ta ware waɗanda ba a kashewa da waɗanda sai da izini. Gwamnatin tarayya ta ƙara wata a 1985 domin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi. Bin shugabanni cikin abin da ke maslahar jama'a wajibi ne, amma doka a takarda ba ta tsare barewa a inda babu ɗan sanda. Abin da ke tsare ta shi ne hannun da ya ga dama ya janye.

Kada wani ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. A ƙasar Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a duk yammacin Afirka sun ragu har suka koma kamar 50 a 1996. Aka hana harbinsu, manoman wurin suka haƙura da zama tare da su, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Dawa tana warkewa in an ɗaga mata hannu.

To, wa ya fi cancanta ya ɗaga hannu? Saurayi bai ga dajin jiya ba, yana zaton haka Allah Ya halicce shi. Tsoho ya gani da idonsa, ya san kowane tafki da abin da ke sha a cikinsa dā, ya san abin da ya rage. Hujja ta fi tsayuwa a kan wanda ya sani. In dattijo ya harbe barewa mai ciki a wurin da ya san bai fi 'yan ƙalilan suka saura ba, laifinsa ya fi na yaro nauyi. Ko kakannin da ba su da littafi sun sanya wa farauta lokaci, ba a shiga dawa sai an yi buɗin daji, kamar yadda Aznan ƙasar Ƙonni suka riƙe. Duba da tsafin da ke cikin al'adar nan ɓata ne, mun barranta da shi, amma abin kunya ne Musulmi mai shari'a ya kasa tsayawa inda mai tsafi ya tsaya.

Fasali na huɗu, cikin haɗarin da ya sauka

Tun wajen 2011 fitinar ɓarayin daji ta kama ƙasar Zamfara, har dazukan da maharba suka sani, daga Sububu zuwa Dumburum zuwa Rugu ta ƙasar Katsina, suka zama mafakar masu satar shanu da mutane. A watan Satumba na 2021 sai da hukuma ta rufe kasuwannin mako ta yanke waya a jihar, kuma ku fatake kun ɗanɗana wannan. Mai shiga dawa da bindiga yau yana tsakanin wuta biyu: ɓarawo ya ɗauke shi ɗan leƙen asiri, jami'in tsaro ya ɗauke shi ɓarawo. In an kama shi, iyalinsa za su sayar da gona da bisashe su fanshe shi, sai neman naman kwana ɗaya ya cinye abincin shekaru. Masu tafiya farauta nesa ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2025, a garin Uromi ta jihar Edo, aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan ƙasar Kano da ke komawa gida hutun salla, bayan an ga bindigogin farauta tare da su. Wannan zalunci ne tsantsa, Allah Ya jiƙansu.

Allah Ya hana mutum jefa kansa ga halaka. Wanda ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa ya faɗi gaskiya, amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya yi umurni a ɗaure raƙumi. Laya da maganin bindiga da na ɓata ba su tsare kowa daga abin da Allah Ya hukunta, kuma tsoho shi ya fi kowa bukatar wanke zuciyarsa daga dogaro da su kafin ya gamu da Ubangijinsa.

Fasali na biyar, cikin abin da ke fitar da tsoho daga gida

Dattijo ya keɓe ya tambayi kansa, domin babu mai ba shi wannan amsa sai shi. In bukata ce, tukunya babu komai, to yana cikin masu neman halal, kuma fitarsa ta fi roƙo daraja. In kuwa rumbu cike yake, abin da ke jansa shi ne jin kiɗan farauta da kirari, da tsoron kada a ce wane ya kwanta, to ya shiga kashin makaruhi, kuma sabo turken wawa ne. Ya zo cikin hadisi cewa ɗan Adam yana tsufa kwaɗayinsa da dogon burinsa suna ƙuruciya, kuma wanda Allah Ya kai shi shekara sittin Ya yanke masa hanzari. Ya zo kuma cewa mai yawan bin farauta gafala takan kama shi. Sallar asuba nawa ta wuce a kan bago? Juma'a nawa ta wuce a bin sawu?

In wani ya ce, ai tsohon nan in an raba shi da dawa zai kwanta ciwo, domin tafiyar ita ke riƙe da jikinsa, sanyin safiya da ƙamshin ƙasa su ne hutun ransa, sai mu ce wannan gaskiya ne, kuma ba a raina shi. Zama wuri ɗaya yana karya tsoho da sauri. Amma fita daban, kisa daban. Inda akwai aminci, yana iya zagaya fadama da bakin gulbi, ya ɗebo saiwa da sassaƙe, ya kori biri da tsuntsu daga gona, ya duba ikon Allah cikin halittarSa, kuma tunani cikin halitta ibada ne. Ya sami abin da ransa ke so, bai ɗauki alhakin rai ba.

In wani ya ce, in ni na bari wani zai harbe, sai mu ce kowa kabarinsa daban. Kuma maganar tsohon maharbi tana da nauyi a wurin samari fiye da ta malami da ta alƙali, domin sun san ba tsoro ya hana shi ba. Ranar da sarkin baka ya ga mai ciki ya sauke bindiga a gaban yaransa, ya karantar da abin da wa'azin shekara bai karantar ba.

Fasali na shida, cikin abin da ya hau kan kowa

Ya kai dattijo, aikinka bai ƙare ba, ya dai sauya. A kanka akwai ilmin da babu shi a allo: sanin sawu, da iska, da wurin ruwa a bazara, da lokacin da kowace dabba ke haihuwa. Ka ba da shi ga mai amana tare da iyakokinsa: kada a harbi mai ciki ko mai shayarwa, kada a fita da damina, kada a sa wuta, kada a zuba guba a ruwa, kada a kashe abin da ba za a ci ba, kada wuƙa ta rabu da ɗamara, kada a saki sai da sunan Allah. Kuma ka tsare sanin hanyoyin dawa daga azzalumi, ko ya zo da kuɗi ko ya zo da barazana gwargwadon ikonka, domin mai nuna hanya abokin tarayya ne cikin abin da aka aikata a ƙarshenta.

Ya ku ɗiya, ciyar da uba matalauci wajibi ne a kanku. Wanda ke son ubansa ya rataye baka, ya fara cika masa tukunya, ya sa masa nama ranar kasuwa ba tare da gori ba. Kada ku yi masa tsawa, kada ku kunyata shi a gaban jikoki, kada ku kira sana'ar da ta raine ku jahilci. Ku aika masa da tsaransa ko limamin unguwa, su yi magana a keɓe.

Ya ku 'yan kasuwa, mai saye shi ke aiken maharbi. In kuka ƙi karɓar fata da ƙaho da naman abin da aka hana, da ɗan barewar da aka raba da uwarsa, rabin ɓarnar ta tsaya. Ku tambayi yadda aka yanka kafin ku saya, domin abin da ya haramta a ci ya haramta a sayar domin ci.

Ya ku almajirai, ku karanta babin farauta da yanka kamar yadda kuke karanta babin tsarki, domin a ƙauye za a tambaye ku. In tsoho ya tambaye ku, kada ku gaggauta cewa haram, kada kuma ku ce babu komai. Ku tambaye shi idonsa da hannunsa da ƙafarsa, da wanda ke raka shi, da inda za shi, da abin da zai harba, da abin da ya sa zai fita. Daga amsarsa hukuncinsa zai bayyana, sau da yawa ma shi zai faɗe shi da bakinsa kafin ku faɗa.

Allah Ya ba tsofaffinmu kyakkyawan ƙarshe, Ya shiryi samarinmu, Ya mayar da aminci ga dazukanmu da hanyoyinmu da kasuwanninmu, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga alhakin mai magana da marar magana. Allah ne Mafi sani.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa. Wanda ya karanta ya sa marubuci da mai kwafa da iyayensu cikin addu'a. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.